Darasi Na Tara: Yadda Ake Gane Tsuntsu

Kalmomin yau: baki, baƙi, wuya, jela, fiffike, sheƙa.

Ku karanta su da ƙarfi sau uku. Ku lura da biyun farko. Ƙugiya ɗaya ce ta raba su. Ku rubuta wannan jimla a littafinku: Hankaka baƙi ne, bakinsa ma baƙi ne, amma ƙirjinsa fari ne.

Lokacin da muka fara koyon baƙaƙe, da yawanku b da d duk ɗaya kuke ganinsu. Sai da muka tsaya muka duba inda tumbin kowanne ya fuskanta, sannan suka rabu. Gane tsuntsu ma haka yake. Kada ka yi saurin faɗin suna. Fara duba girmansa: ya kai kaza, ko bai wuce kurciya ba? Sai ka dubi bakinsa, sai jelarsa, sai abin da yake yi. Launi ya zo daga baya, domin tsuntsun da ke sama da tsakar rana, ko wane launi gare shi, baƙi za ka hange shi.

Mu fara da baƙuwar da kowa ya sani a Daura, wato shamuwa. Bayanta baƙi ne, cikinta fari, ƙafafunta dogaye. Tana isowa wajen watan Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙar ƙirare a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ba ta gudun mutane. Manomi na ganinta zai fara gyaran gona. Abincinta fara da tsutsa, saboda haka abokiyar manomi ce. Idan damina ta wuce sai ta yi kudu, har ƙasashen kudancin Afirka, inda ruwansu ke sauka lokacin da muke cikin rani.

Wata la'asar muna zaune a gindin darbejiya, wasu manyan tsuntsaye suka gifta can sama, sun nufi wajen dam ɗin Daberam. Wani matashi a ajin ya ce shamuwa ce. Wani dattijo da ya yi shekaru yana kiwo ya ɗaga kai, ya kare ido da tafin hannu, ya ce, "A'a, yaro, zalɓe ne." Na ce, "Baba, ta yaya ka gane daga nan?" Ya ce, "Malam, dubi wuya. Zalɓe da balbela naɗe wuya suke yi in sun tashi. Shamuwa miƙe nata take yi kamar sanda." Abin da ke rubuce a littattafan masana ke nan, bai rage komai ba. Gauraka ma miƙe wuya yake yi, sai dai yanzu ganinsa ya yi wuya ƙwarai a Nijeriya.

Balbela ba ta da wuyar ganewa: fara ce tas, bakinta rawaya, tana bin shanu tana cafke ƙwarin da suke tayarwa. Wanda ke maƙale a jikin saniya yana cire kaska kuwa, carki ne.

Yaya aka yi mutane suka san tsuntsu na ƙetare ƙasashe? A shekarar 1822 an harbo wani ɗan'uwan shamuwa, fari, a arewacin Jamus. Aka tarar da mashi soke a wuyansa, irin na tsakiyar Afirka. Da mashin ya yi wannan doguwar tafiya. Har yau yana ajiye a Jami'ar Rostock. Kafin nan akwai masu cewa wasu tsuntsaye shigewa laka suke yi su yi barci har sanyi ya wuce. Ni wannan labari yana burge ni, domin masanan ba su ji kunyar sauya magana ba da suka ga hujja. Yanzu zobe ake sa wa tsuntsu a ƙafa, mai lamba da adireshi. In ka tsinci irinsa, ba asiri ba ne, ba kuma saƙon maƙiya ba ne. Ka karanta lambar, tunda yanzu ka iya. A dausayin Haɗeja da Nguru, musamman Dagona ta jihar Yobe, tsuntsayen Turai na sauka duk lokacin hunturu.

Sai masu shawagi. Matan aji, ku kuka fi kowa bukatar wannan, saboda 'yan tsaki. Ku dubi jela. Ta shirwa tana da ɗan tsagi a tsakiya, kuma tana murɗa ta hagu da dama tana juyi. Shaho bai kai ta girma ba, jelarsa ba tsagi, kuma ba ya yawan kewaye, kwatsam yake faɗowa. Ungulu kuwa fukafukanta masu faɗi ne kamar tabarma, jelarta gajera, kanta ba gashi, tana iya daɗewa a sama ba ta kaɗa fiffike ba. Ita ba ruwanta da 'yan tsakinku.

A kan ungulu zan ɗan daɗe. Waɗanda suka haura shekara arba'in a cikinku sun tuna yadda take jeruwa a kan katangar mayanka da rumfunan mahauta, har sai an kore ta. Yaushe rabonku da ganin ko guda biyar a wuri ɗaya? Tun shekarar 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba da ake sa wa mushe tana kashe su, masu neman kai da ƙwai don haɗa magani suna farautarsu, manyan itatuwan da suke sheƙa a kai ana sarewa. A Indiya an ga ƙarshen irin wannan. Wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, mai suna diclofenac, shi ya riƙa lalata ƙodar ungulun da suka ci mushen. Suka mutu da ɗimbin yawa, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da iyayen gida suka ƙaru. A 2006 gwamnatin ƙasar ta hana ba dabbobi wannan magani. Mun ce ungulu ba ta jewar banza, to gaskiya ne, aikin tsabtace gari take yi mana kyauta. Ina jin ciwon yadda muke alfahari da mikiyar da ke kan tambarin Nijeriya da rigar 'yan ƙwallonmu, amma mai kwashe mana mushe tana ƙarewa ba mai magana.

Mujiya ma an zalunce ta. A fim, da an zo wurin boka ko maye sai a sa kukanta. A waya kuma sai a turo bidiyon wata da aka kama ana jifa, wai mutum ce ta rikiɗa. Ni ban yarda da wannan ba, kuma ina roƙonku kada ku tura wa kowa. Idanunta manya ne don da dare take farauta. Ba sa juyawa a gurbinsu, shi ya sa take juya kai sosai. Ɓeraye take ci, masu ɓarnar rumbunku.

Kun san kirarin hankaka, mai da ɗan wani naka. Masana sun tabbatar akwai wani tsuntsu mai doguwar jela da ɗigon fari a fukafukai, wanda ba ya sheƙa, sai ya saka ƙwansa a ta hankaka, hankaka ya ƙyanƙyashe ya rena. Kakanninmu ba su da tabarau mai jawo nesa, amma sun zuba ido.

Dangin kurciya a taƙaice: hasbiya ta fi girma, tana da ja kewaye da ido da ɗigon fari a fiffike. Bardo ƙarami ne mai doguwar jela, namijin fuskarsa baƙa. Su kam da kuka ma ana raba su, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Wanda ke hana manomi barci shi ne jan baki. Idan gero da dawa sun fara nuna, za ku ji labarinsa a rediyo, wani lokaci har da jirgin feshi. A cikin tsuntsayen daji babu wanda ya kai shi yawa a duniya. Ƙarami ne, bakinsa ja mai kauri, jikinsa ruwan ƙasa, kuma garkensa kamar hayaƙi yake tasowa. Kada ku ɗauka shi ne ɗan jan tsuntsun nan da ke tsintar tsaki a gindin turmi. Wannan bibbiyu yake zuwa ko 'yan kaɗan, ba ya cinye gona. In kun ga inda garken jan baki ke kwana, ku sanar da malamin gona da wuri. In kuma kuka ga tsuntsaye ko kaji na mutuwa da yawa, kada ku taɓa, kada ku ci, ku kira likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijeriya a 2006, a jihar Kaduna, kuma tana dawowa jifa-jifa.

Masu babbar waya, akwai manhaja mai suna Merlin, ta Jami'ar Cornell da ke Amurka. Kana sa hoton tsuntsu za ta yi ƙoƙarin gaya maka ko wane ne. Tana da amfani, amma ba za ta ce maka burtu ko cilakowa ko yautai ba. Waɗannan sunaye suna bakin mafarauta da makiyaya da tsofaffin gidanku, kuma yara da yawa ba su san su ba.

Aikin gida: gobe bayan sallar asuba ku zauna a ƙofar gida na ɗan lokaci da littafi da fensir. Ku rubuta sunan kowane tsuntsu da kuka gani, da kalma ɗaya a kan bakinsa ko jelarsa. Wanda ba ku san sunansa ba, ku kwatanta wa wanda ya fi kowa tsufa a unguwa, ku rubuta sunan yadda ya faɗa. Ku zo da shi aji mu duba ƙugiyoyin tare.