Yadda ake gane shekarun wuƙar kwamandojin Birtaniya ta Fairbairn-Sykes

William Fairbairn da Eric Sykes, tsofaffin ƴan sandan Shanghai, su ne suka kai fasalin wannan wuƙa wa kamfanin Wilkinson Sword a Landan cikin Nuwamban 1940. Kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare an sauya mata siffa sau biyu, kuma wannan sauyin ne ke nuna shekarunta. Labarin mai sayarwa, wai kakansa ya yi yaƙi da ita, ka saurara amma kada ka biya kuɗinsa.

Ka fara da ƙota. Idan ta tagulla ce mai zane ƙanana kamar raga, wuƙar mai siffar fari ce ko ta biyu. Idan kuwa zobba ne jere, guda 27, an zuba ta da gaurayen tutiya, to ta uku ce, wadda ta fito a 1943. Irin wannan ta fi yawa, kuma an ci gaba da ƙera ta bayan yaƙi, don haka ƙota kaɗai ba ta isa hujja ba.

Sai ka duba gindin ruwan wuƙar, nan ne kuɗi yake. Ta fari, wadda aka fara fitarwa a farkon 1941, da hannu aka wasa ta. Tana da ɗan fili mai kusurwa huɗu kafin kaifi ya fara, gefe ɗaya tambarin Wilkinson, ɗayan kuma haruffan F-S. Ƙarfen da ke kare hannu a lanƙwashe yake kamar harafin S, ƙotar kuma an shafe ta da ruwan nikel. Daga wajen Agustan 1941 aka cire filin, aka miƙar da makarin hannun, aka koma baƙanta yawancinsu don kada su yi ƙyalli da dare. Wannan ita ce ta biyu. Aikin hannu ba ya fita cif: ka ɗaga ta a haske, za ka ga layin tsakiya ya ɗan karkace. Ta fari ko ta biyu da ta fito sumul, ni dai nakan yi mata kallon tuhuma.

Bayan nan hatimai. Ɗan kibiya alama ce ta mallakar gwamnatin Birtaniya. Kalmar ENGLAND a kan makarin hannu takan nuna an sayar da ita zuwa Amurka bayan yaƙi, inda doka ta buƙaci a rubuta ƙasar asali. Masu jabu sun iya buga hatimi, saboda haka ka tabbatar ya tsufa tare da ƙarfen.

Ka leƙa notin ƙarshen ƙota ma. Sabon kurji a jikinsa na nufin an kwance ta, wataƙila an haɗa sassan wuƙaƙe daban-daban. Kube kuwa akan sauya shi, kada ka ɗora shekaru a kansa.

In ta shigo hannunka, kada ka wasa, kada ka goge baƙin. Ɗan mai a ƙyalle ya wadatar, kuma ka ajiye ta daban da kuben fata, domin fata na riƙe danshi ta jawo tsatsa.