Abin da ya kamata a yi idan dattijo ya faɗi ana zargin karayar kwatangwalo

Masu binciken tsofaffin ƙasusuwa, musamman bayan gano ƙwarangwal ɗin da aka laƙaba wa suna Lucy a Hadar ta ƙasar Habasha a 1974, sun nuna cewa tafiya da ƙafa biyu ce ta sa ƙashin ƙugu ya zama gajere mai faɗi kamar akushi, kuma nauyin gangar jiki yake sauka a kan wuyan ƙashin cinya. Wannan siririn wuyan ne yakan karye idan ƙashi ya yi rauni saboda tsufa, ko da santsin tayil ne kawai ya kwashi mutum a banɗaki.

Da farko, kada a ɗaga shi, kada kuma a ce ya gwada takawa. A dubi ƙafafunsa yana kwance: idan ɗaya ta gajarta, tafinta ya juya waje, yana kuma kukan ciwo a matsematsi, to alamun karaya sun bayyana. A tokare ƙafar da matasai yadda take, a lulluɓe shi, sannan a kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na Jihar Legas. Okada da Keke Napep ba na wannan tafiya ba ne, duk tsananin cunkoson hanya. In motar asibiti ba ta samu ba, a kwantar da shi a kan katako mai faɗi cikin motar da zai miƙe.

Inda 'yan uwanmu na Agege da Mile 12 suka fi yin kuskure shi ne kiran mai ɗori. Ba raina sana'arsu nake yi ba, amma wannan karayar tana can cikin gaɓa, inda hannu da kara ba sa kaiwa, kuma jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini suna bin wuyan ne, don haka ja da murɗawa na iya sa kan ƙashin ya mutu. A nufi Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, a ɗauki hoton ƙashi.

Likitoci sun fi son yin tiyata cikin awa 48, domin doguwar kwanciya tana jawo gyambo, ciwon huhu da daskarewar jini a jijiya. A tafi da duk magungunan da yake sha, musamman na hawan jini, na suga da masu tsinka jini, a nuna wa likita kafin a shiga da shi.