Kurakuran da ke ƙarar da man ƙaramin jirgi a sararin sama

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne matuƙin da zai leƙa gejin mai ya ce "ya isa". Gejin ƙananan jirage, musamman tsofaffi, yana rawa kuma yana maƙalewa. Ka hau kan fiffike, ka buɗe murfin tanki, ka tsoma sandar awo da aka yi wa irin jirginka, kuma jirgin ya kasance a wuri miƙaƙƙe, in ba haka ba sandar ma za ta yi maka ƙarya. Misali, ƙaramin jirgi samfurin Cessna 172S yana ɗaukar galan 56, amma 53 ne kawai ke isa inji. Da 53 za ka yi lissafi. In ka gama, ka tabbata murfin ya zauna daram, domin in ya saki, iskar da ke bi ta saman fiffike za ta riƙa zuƙe man kana tafe ba ka sani ba.

Sai masu ƙirga mai da nisan tafiya. Inji da awa yake sha. Tafiyar mil 330 a gudun mil 110 a awa, awa 3 ce, amma iska mai gudun mil 25 ta tare ka ta gaba, gudunka ya koma 85, tafiyar ta kusa awa 4. Jirgin da ke shan galan 9 a awa ya ƙara cinye galan 8 ke nan. A nan ne mutum zai ga filin jirgi mai sayar da mai a ƙarƙashinsa ya wuce, wai kada ya ɓata lokaci. Haba! Saukar minti 40 ce ta gagare ka, da fasinjoji a bayanka? A Amurka doka ta ce mai tuƙi da ganin ido ya tashi da rarar minti 30 da rana, 45 da dare. Wannan ƙarshen ƙaranci ne. Ni dai awa guda nake bari, kuma ina rubuta lokacin da na tayar da inji.

Adadin shan mai da ke littafin jirgi na wanda ya rage yawan man da ke gauraya da iska a inji ne bayan ya kai sama. In ba ka rage ba, lissafinka ya rushe.

Jirgi samfurin Piper Cherokee ba ya shan tanki biyu lokaci guda, sai dai hagu ko dama. Inji kan mutu alhali ɗaya tankin na cike. Ka riƙa sauyawa duk minti 30.

Ka tatsi mai daga ƙasan kowane tanki cikin kofin gwaji don ka ga ko akwai ruwa a ciki. Man ƙananan jirage da ake kira 100LL shuɗi ne, ruwa kuwa yana kwanciya a ƙasansa. In da lita aka zuba maka, galan ɗaya na Amurka kusan lita 3.8 ne.

In mai ya yi ƙasa, ka gaya wa masu kula da zirga-zirgar jirage tun da wuri, ka nufi fili mafi kusa. In ba ka magana da kowa a rediyo, ka kira a mitar gaggawa ta 121.5.