Yadda za ku kai wa ɗan majalisa maganar rigakafi har ya ji ku

Ni ce magatakardar ƙungiyar adashinmu ta mata a nan zangon Kumasi, littafin kuɗi da wasiƙu duk a hannuna suke. Lokacin da aka fara allurar korona a watan Maris na 2021, mata 32 ne a littafina, amma waɗanda suka miƙa hannu a makon farko ba su kai biyar ba. Ghana ce ƙasar farko da ta karɓi rigakafin COVAX, shirin duniya na raba allurar korona ga ƙasashe, ran 24 ga Fabrairu, guda 600,000 na AstraZeneca da aka haɗa a Indiya. An yi wa shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, a asibitin sojoji na 37 kowa yana kallo a talabijin, an yi wa Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu. Duk da haka matanmu suka ce a kai kasuwa. Ni na yi, kuma da za a dawo yau sai na sake yi. Amma ban taɓa ganin wadda zagi ko gori ya sa ta canja ra'ayi ba. Abin da na ga yana aiki shi ne a ɗauki tsoron mutane a mai da shi tambaya, a kai wa mai ikon nemo amsa.

Kafin ku nemi kowane Onarabul, wato ɗan majalisa, ku zauna da mutanenku ku saurara, mutum ɗaya yana rubutawa. Mu a gidan Magajiya, shugabar matan zangonmu, muka zauna bayan la'asar, Lahadi biyu a jere. Za ku ga maganganun ba iri ɗaya ba ne. Akwai na WhatsApp, irin su allurar tana hana haihuwa. Akwai na jiki: wata ta kwana biyu da zazzaɓi da ciwon dantse bayan allura ba ta san wa za ta gaya wa ba, wata tana shayarwa, wata tana da hawan jini. Sannan akwai na tarihi, kuma shi ne mafi nauyi. Wata gwaggonmu da ta yi aure a Kano ta ce, "Ɗiyata, ke yarinya ce lokacin sanƙarau." Ba ƙarya ta yi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara wajen 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Kada ku ce wa mai wannan magana jahila. Amma ku ƙarasa mata labarin: da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta tsallaka iyaka ta shanye ƙafafun yara a ƙasashe da dama, har nan Ghana. Duka biyun sun faru, kuma wanda ya ɓoye ɗaya ba za a yarda da shi a kan ɗayan ba.

Daga nan sai ku tace. Rabin abin da kuka rubuta ba na ɗan siyasa ba ne. Tambayar mai shayarwa da ta mai hawan jini, nas ɗin da ke zuwa awon yara ita za ta amsa, ko ta tura ku wurin likita. Wanda allura ta ba shi wahala, rahotonsa na Hukumar Abinci da Magunguna ne, wato FDA: ana iya cike fom a asibitin da aka yi allurar, ko a aika ta manhajarsu ta Med Safety a waya. In kuka kai wa ɗan majalisa tambayar likita, zai ce Allah ya sauwaƙe, ya yi muku alkawari, ku tashi hannu rabbana.

Abin da yake hannunsa daban ne. Yana iya shigar da tambaya a zauren majalisa, ministan lafiya ya zo ya amsa a bainar jama'a, a rubuta a kundi. Yana iya gabatar da takardar kokenku, ko ya tura ta ga kwamitin lafiya. Yana kuma da wani kaso daga asusun inshorar lafiya don ayyukan lafiya a mazaɓarsa. A farkon 2023, lokacin da rigakafin yara ya yanke a ƙasar nan, na ƙyanda da na tarin fuka da ɗigon shan inna, uwaye suna zuwa awo ana mai da su gida, ƙyanda kuma ta ɓulla a arewa, majalisa ce ta kira minista ya zo ya yi bayani. Amma wannan iko wuƙa ce mai baki biyu. A 2015 an shirya gwajin rigakafin Ebola a garin Hohoe nan Ghana, jama'a suka firgita, 'yan majalisa suka tashi da zafi, aka dakatar da shi, alhali cutar tana kan kashe mutane a Gini da Laberiya da Saliyo, inda ta ci rayuka fiye da 11,000. Har yau idan na tuna sai in ce da tun farko an zauna da mutanen garin an yi musu bayani da harshensu. Shi ya sa nake roƙonku, kada buƙatarku ta zama "a hana". Ku nemi a bayyana, a kawo, a biya, a bincika.

Wasiƙar shafi ɗaya ta isa. Da Turanci za a rubuta ta, domin shi ne harshen ofis, amma a karanta wa kowa ita da Hausa kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Wannan amana ce. Ku faɗi su wane ne ku, ku nawa, daga wace unguwa. Buƙata kada ta wuce uku, kowace a san ranar da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. Tamu ta ce: a turo ma'aikaciyar lafiya mai jin Hausa ta zauna da mata a makarantar allo ran Asabar, a lika a bakin asibiti inda ake kai ƙorafi idan allura ta ba mutum wahala, Onarabul ya tambayi minista wane ne zai biya kuɗin magani idan hakan ta faru. Ku buga kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, ku dawo da ita gida. Ku aika kwafi ga asambiliman, wato wakilin unguwarku a majalisar ƙaramar hukuma, da daraktan lafiya na ƙaramar hukuma, da fadar Sarkin Zango.

Kada ku ɓata kuɗin mota zuwa Accra neman Onarabul a ginin Job 600, inda ofisoshin 'yan majalisa suke. Majalisa galibi Talata zuwa Juma'a take zama, ƙarshen mako da lokacin hutu yana gida. Asambiliman ne zai samo muku rana a ofishin mazaɓa. Kada ku tare shi a wurin suna ko jana'iza, can hankalinsa ya rabu gida goma.

Zuwanmu na farko mun tafi mu fiye da ashirin, kowa da nata bakin, wata ta sako kuɗin makarantar ɗanta, wata maganar kwata. Ya saurare mu da mutunci, amma mu ne ba mu ajiye masa abin da zai ɗauka ba. Karo na biyu mu huɗu ne: Magajiya, da malamin makarantarmu, da matar da ta yi zazzaɓin, da ni mai takarda. Magajiya ta buɗe da gaisuwa, sannan ta ce, "Onarabul, ɗana, ba kuɗi ya kawo mu ba. Mata na tsoro, ni kuma ba ni da amsar da zan ba su. Ka nemo mana." Ni na karanta buƙatun uku, na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za mu dawo?" Kada ku tashi ba a sa rana ba. Kada kowa ya sa kayan jam'iyya, kuma ku haɗa 'yan manyan jam'iyyun nan biyu, NDC da NPP, a cikin tawagar in da hali. Idan aka miƙo kuɗin mota a bakin ƙofa, ku yi godiya ku ce kun riga kun tanada. Na san abin da wuya a wannan zamani, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma bakin da ya karɓa ba ya iya komawa ya ce ina alkawari.

Bayan mako biyu ku kira sakatarensa, ku ambaci kwanan watan da ke kan hatimi. Idan bayani kuke nema daga hukuma, misali allurai nawa aka kawo gundumarku, dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba jami'in da kuka rubuta wa kwana 14 ya yanke hukunci a kan buƙatarku. In shiru ta yi yawa, akwai shirye-shiryen kiran waya na Hausa a rediyo irin su Zuria FM, ku karanta wasiƙar yadda take, ba ƙari ba zagi. Zanga-zanga ita ce ta ƙarshe, kuma doka ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce kwana biyar kafin ranar.

Mu dai nas ta zo wata Asabar, ta zauna a kan tabarma har azahar tana amsa tambayoyi. Wasu sun je an yi musu a makon, gwaggona ba ta je ba, amma ita ce ta fara kai jikarta awo da rigakafin ƙyanda ya dawo a 2023. Buƙata ta uku har yau ba mu ga amsarta a rubuce ba, kwafin mai hatimi yana nan cikin littafin adashi. Yanzu kuma maganar rigakafin sankarar bakin mahaifa da ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 ta taso, na fara jin irin tambayoyin da na ji a 2021. Lahadi mai zuwa bayan la'asar za mu zauna a gidan Magajiya.