Yadda za ka hana ƙarfi yanke maka a dogon gudu

Masu gudu da masu keke sun yi ta tambaya: me ke sa ƙafa ta yi nauyi, jiri ya kama mutum ana tsakiyar tafiya? Galibi sukarin da jiki ya ajiye ne ya ƙare. Ga abin yi:

1. Ci abinci mai sitaci awa 3 kafin fita, maiƙo kaɗan.
2. Auna nauyinka.
3. In tafiyar za ta wuce awa guda, fara ci tun a minti 45.

Hattara, nan ake faɗawa rami. Kar ka jira yunwa. Kafin ka ji ta, aikin gama ya gama.

4. Ci giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci kowace awa. Ayaba guda tana da kusan 25.
5. Kurɓi ruwa mai ɗan gishiri kaɗan-kaɗan. Ɗirkar ruwa zalla da yawa yana rage gishirin jini, kuma haɗari ne.
6. Da ka gama, ci sitaci, ka haɗa da giram 20 zuwa 30 na furotin, wato sinadarin gina jiki.
7. Sake hawa sikeli.
8. Sha lita ɗaya da rabi a hankali kan kowane kilo da ya ragu.