Yadda Ake Saƙa Shaƙuwa Tsakanin Mai Bincike Da Makashi Mai Ilimi A Labarin Fim

Idan makashin labarinka likita ne, ya iya zane, ya san kaɗe-kaɗen Turai, ya kuma iya gaisuwa, akwai ramin da ke jiranka. Da zarar ka haɗa shi da jami'a mai bincike, hannunka zai fara jan labarin zuwa soyayyar da aka saba, ta zance da kishi da kalaman baka. Ana yin haka tsoron ya zube. Shaƙuwar da ake nema ita ce wadda mai kallo zai ji a jikinsa amma babu wanda ya furta ta. Fim ɗin da ya fi dacewa a kwance a ga ɗinkinsa shi ne The Silence of the Lambs na 1991, wanda Jonathan Demme ya ba da umarni, Ted Tally ya rubuta daga littafin Thomas Harris na 1988, ya kuma lashe manyan kyaututtukan Oscar biyar.

Fara da katanga, tun kafin ka rubuta kalma ɗaya ta hira. A fim ɗin, makashin likita Hannibal Lecter yana tsare a ƙarƙashin ƙasa a wani asibitin masu taɓin hankali a Baltimore, gilashi mai kauri ya raba shi da Clarice Starling, ɗalibar hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI. Suna ganin juna sarai, amma ko takarda sai ta akwatin tura abinci ake miƙa ta. Katangarka tana iya zama keji, waya, ko wasiƙa. Sharaɗin kawai shi ne ta kasance abin da kamara ke gani. Katangar da ke cikin zuciya kaɗai ba ta ɗaukuwa a hoto.

Sai ka ba su abin ciniki. Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin rubuce-rubuce ke mutuwa. Ita tana bukatar iliminsa don ta kama wani makashin, Buffalo Bill, kafin ya kashe 'yar sanatar da ya sace. Shi kuma abin da ya fi ƙwallafa rai a kai shi ne ta buɗe masa cikinta. Ya ba ta alama ɗaya, ta biya shi da sirri ɗaya na ƙuruciyarta. Kafin ka shiga rubutu, ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya: hagu alamomin da zai bayar, dama sirrikan da za ta biya da su, ka jera daga mai arha zuwa mai tsada. Clarice ta fara da mutuwar mahaifinta, wanda aka harbe a bakin aiki tana da shekara 10. Sai a haɗuwar ƙarshe ta kai ga abin da ke hana ta barci: daren da ta farka a wata gona a Montana ta ji kukan 'yan tumakin da ake yankawa, ta sungumi ɗaya ta gudu, ba ta iya cetonsa ba. Idan ka kashe babban sirrin a haɗuwa ta biyu, to me za ta biya da shi a ta huɗu?

Kada ka yawaita haɗa su. A fim mai minti 118, sau huɗu kacal suka tsaya ido da ido, sai kiran waya ɗaya a ƙarshe. Da yake shafi ɗaya na rubutun fim yakan ci kusan minti ɗaya, ka ba kowace haɗuwa shafi 4 zuwa 7, ka bar tazarar bincike mai tsawo a tsakani. Makashin da ke fitowa a kowace fitowa yakan zama ɗan gida, ba a tsoron ɗan gida.

Wayewarsa kuwa, ta yi aiki a labarin, kada ta zama ado. A haɗuwar farko Lecter yana tsaye cak a tsakiyar ɗakinsa, zanen birnin Florence da ya yi da ka yana manne a bango. Ya shinshini iska ta ramukan gilashin ya faɗi man da take shafawa, ya dubi jakarta mai kyau da takalminta mai arha, ya karanta talaucin da ta fito daga ciki. Da ilimin ya yanke ta. Da fursunan ɗakin kusa ya ci mutuncinta tana fita, sai Lecter ya kira ta ya ba ta alamar farko, don rashin ladabi abin ƙyama ne a wurinsa. Kafin su sake haɗuwa fursunan ya mutu. Kyautarsa ta farko gare ta ke nan, kuma gawa ce. Duk wata kulawa da makashinka zai nuna, a sa mata irin wannan farashi.

Taɓawa ɗaya ta isa. A haɗuwar ƙarshe, bayan an mayar da shi birnin Memphis, yana miƙa mata fayil ta tsakanin ƙarafan keji, ɗan yatsansa ya shafi nata na ɗan lokaci. Shi ke nan a duk fim ɗin. Marubucin Kannywood, inda ba a saba namiji da mace su taɓa juna ba, bai ma bukatar wannan: a riƙe fayil ɗin ta ɓangarori biyu, shi ya ƙi saki na daƙiƙa uku. Darakta kuma ya lura da dabarar Demme: masu magana da Clarice suna kallon cikin kamara kai tsaye, ita kuwa tana ɗan kauce wa, sai mai kallo ya ji shi ake ƙura wa ido.

Bayan fitowa mafi taushi, kawo mafi muni ba tare da jinkiri ba. Jim kaɗan da wannan taɓawar, Lecter ya kashe masu gadinsa biyu, kiɗan Bach na tashi a rikoda. Idan ka tsallake wannan, mai kallo zai fita yana ganin makashin mutumin kirki ne da ba a fahimta ba, kuma laifin rubutunka ne.

Kada ka bari ya cece ta. Clarice ita kaɗai ta shiga gidan Buffalo Bill, a cikin duhu ta ji ƙarar ɗana bindigarsa, ta juya ta harbe shi. Alamomin Lecter sun kai ta hanya, amma ita ta haɗa su.

Abin da ke faruwa idan aka rushe katangar ya bayyana a ci gaban labarin. A littafin Hannibal na 1999, Harris ya sa Lecter ya ɗirka wa Clarice magunguna, suka ƙare tare a Buenos Aires, masu karatu da yawa suka ƙi amincewa, don an ƙwace mata ikon zaɓi. Da Ridley Scott ya mayar da shi fim a 2001, Julianne Moore ta fito a matsayin Clarice a gurbin Jodie Foster, sai aka sauya ƙarshen: Clarice ta ƙi shi, ta ɗaure hannunsa da nata da ankwa, ya zaɓi ya cutar da nasa hannun ya tsere. Idan furodusa ya matsa maka sai an haɗa su a ƙarshe, ka ba shi kiran waya ko wasiƙa, ka bar ta tana kan aikinta.