Yadda za ka hana wuri ya yanke maka shawara

Mutum yakan ɗauka cewa shi kaɗai ya zaɓi abin da ya saya ko ya furta, alhali sau da yawa zafin rana, yunwa, cunkoso da bakin mutanen da ke kewaye da shi sun riga shi yanke hukunci. Ana iya rage wannan tasiri idan aka shirya tun kafin a shiga wurin.

Ka fara da farashi, domin nan ne aka fi cutuwa. Idan za ka je Kara sayen ragon layya, ko babbar kasuwar Sakkwato sayen atamfa, ka tsayar da iyakar kuɗinka tun daga gida, ka rubuta a takarda, sannan ka ji farashi a wurare uku kafin ka taya. Dalili kuwa shi ne, kuɗin da dillali ya fara ambata yakan zauna a zuciya ya zama ma'auni, har ka yi murna an rage maka wani abu alhali an tsauwala maka. A 1974 masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna cewa ko lambar da aka samu ta hanyar juya faifan ƙuri'a takan ja ƙiyasin mutum zuwa gare ta, duk da ya san ba ta da alaƙa da tambayar da aka yi masa. Wannan binciken na cikin ayyukan da suka kai Kahneman ga kyautar Nobel a 2002.

Sai kuma lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma jiki idan ya galabaita haƙuri yakan ƙaranta. A ganina, maganar bashi, gado ko aure ba ta dace da tsakanin azahar da la'asar ba. Ka bar ta sai da hantsi ko bayan isha'i. Haka cefanen buɗa-baki, ka rubuta abin da ake buƙata da safe, tun yunwa ba ta fara yi maka lissafi ba.

A gida, abin da ke kusa da hannu shi ake ɗauka. Ka ajiye waya nesa da shimfiɗa, ka matso da randar ruwa kusa.

Idan kuma a majalisa kowa ya amince da wani kasuwanci ana jiran bakinka, ka ce a ba ka dama ka kwana da maganar, ka sake auna ta kai kaɗai washegari.